Buɗe Bikin Wasan Kwaikwayo na Gefe a Birnin Edinbura: Wa Ke Tsaron Ƙofar?

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, idan watan Agusta ya kama, birnin Edinbura, watau babban birnin ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, yakan cika ya batse da 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa da 'yan rawa da masu ban dariya daga sassa daban-daban na duniya. Abin da ke tara su shi ne wani biki na kwana 25 wanda Turawa ke kira Fringe, mu kuwa a cikin wannan takarda za mu kira shi Bikin Gefe, saboda dalilin da za mu bayyana nan gaba kaɗan. An daɗe ana ɗaukar wannan biki a matsayin taron wasanni mafi girma a duniya. Alal misali, a shekarar 1947 ƙungiyoyi takwas ne kacal suka fara shi, amma a shekarar 2019 an nuna wasanni iri daban-daban har 3,841 a wurare 323, aka kuma sayar da tikiti fiye da miliyan uku, a birnin da mazaunansa ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba.

Wannan girma ya samo asali ne daga wata ƙa'ida guda ɗaya, ita ce cewa babu wani shugaba ko kwamiti da ke zaɓen wasannin da za a nuna. Duk wanda ke da wasa, ya kuma sami wurin da zai nuna shi, to ya shiga biki ke nan. Manufarmu a nan ita ce mu bi diddigin wannan ƙa'ida tun daga tushenta, sa'an nan mu dubi abin da ke faruwa a kwanakin buɗe bikin, domin a cikin waɗannan kwanaki ne ake ganin yadda ƙa'idar ke aiki a zahiri. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kawar da mai zaɓe bai kawar da zaɓe ba. Zaɓen ya bar hannun mutum ɗaya ne, ya koma hannun masu wuraren wasa, da aljihun ɗan wasa, da alƙalamin 'yan jarida.

2.0 Asalin Bikin

2.1 Baƙin da ba a gayyata ba

Gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wasu mutane a Birtaniya suka yi tunanin shirya wani gagarumin biki na kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo, wanda zai sake haɗa kan al'ummomin Turai da yaƙi ya wargaza. Jagoran wannan tunani shi ne Rudolf Bing, haifaffen Ostiriya wanda ya baro Jamus bayan hawan 'yan Nazi mulki. Tare da goyon bayan hukumar birnin Edinbura aka buɗe Bikin Ƙasa da Ƙasa na Edinbura a watan Agusta na 1947, a lokacin da har yanzu ake raba wa mutanen Birtaniya abinci da kati saboda ƙarancin da yaƙi ya bari. An gayyato manyan makaɗa daga Biyana, da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Old Vic daga Landan, da ta Louis Jouvet daga Faransa. Amma fa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Sikotlan kanta, waɗanda a gidansu ake bikin, ba a aika musu da goron gayyata ba.

Wannan bai hana su zuwa ba. Ƙungiyoyi takwas, shida daga Sikotlan, biyu daga Ingila, suka yi shawarar su zo su ci moriyar taron da babban bikin ya tara. Da yake an riga an kama manyan gidajen wasa na birnin, sai suka nemi ƙananan zauruka suka yi haya da kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu ma sai da ta tsallaka mashigin ruwan Forth, ta nuna wasanta a tsohuwar majami'ar garin Dunfermline. Wadda ta fi fice a cikinsu ita ce Glasgow Unity, ƙungiyar da ta ƙunshi ma'aikata masu ra'ayin kare talakawa, wadda ta nuna wani wasa na marubucin Rasha Maxim Gorky a kan rayuwar matalauta. Ya kamata mu lura cewa waɗannan ƙungiyoyi ba su zo a matsayin tsintsiya ɗaya ba. Kowacce ta zo ne don kanta, da kuɗinta, da wurinta, da tallarta. Waɗannan abubuwa uku su ne har gobe ginshiƙan bikin.

2.2 Sunan bikin

A shekarar da ta biyo, watau 1948, wani marubucin wasan kwaikwayo kuma ɗan jarida mai suna Robert Kemp ya yi rubutu a wata jaridar birnin, inda ya yi nuni da wasannin da ake yi a gefen babban bikin. Kalmar Ingilishi da ya yi amfani da ita tana nufin geza, irin ta bakin mayafi ko ta rawani, watau abin da ke lilo a gefen tufa, yana jikinta amma ba ya cikin saƙarta. Sunan ya bi bikin har yau, shi ya sa muka ga ya dace mu kira shi Bikin Gefe. Abin mamaki kuwa shi ne, da tafiya ta yi tafiya gezar ta fi mayafin girma nesa ba kusa ba, har ya zama da yawa daga cikin baƙin da ke zuwa Edinbura a watan Agusta ba su ma san cewa bukukuwan biyu ne ba.

2.3 Kafa ƙungiya da ƙa'idar buɗaɗɗiyar ƙofa

A cikin shekaru goma na farko babu wani tsari na bai ɗaya. Mai son kallo sai ya bi gari yana tambayar inda ake wasa kaza da lokacin da za a fara. Ɗaliban jami'a da wasu 'yan wasa suka riƙa ƙoƙarin haɗa jerin wasanni da wurin sayar da tikiti, har dai tsakanin 1958 da 1959 aka kafa Ƙungiyar Bikin Gefe, aka rubuta mata tsarin mulki. A cikin wannan tsari ne aka tabbatar da cewa ƙungiyar ba ta da ikon tace wasa ko hana wani shiga saboda ingancin wasansa ko ra'ayin da ke ciki. Aikinta shi ne buga kundin bikin, da sayar da tikiti, da ba 'yan wasa shawara, da shiga tsakaninsu da hukumomin gari.

Darajar wannan ƙa'ida ba za ta fito sosai ba sai mun tuna cewa har zuwa shekarar 1968 doka ta wajabta wa duk mai son nuna sabon wasa ga jama'a a Birtaniya ya miƙa rubutunsa ga wani babban jami'in fadar Sarauniya, ya duba, ya soke abin da ya ga dama. Gidan wasa na Traverse, wanda aka buɗe a Edinbura a 1963, ya kauce wa wannan doka ne ta hanyar zama kulob na 'yan ƙungiya kawai. Saboda haka mutanen da suka rubuta wancan tsarin mulki sun san ɗacin mai gadin ƙofa, shi ya sa suka ƙi naɗa wani a nasu gidan. Sakamakon haka bikin ya yi ta bunƙasa: ƙungiyoyi 19 ne suka shiga a 1959, amma ya zuwa 1981 sun kai 494.

3.0 Shirin Buɗewa

Ko da yake a watan Agusta ake buɗe bikin, aikin ɗan wasa yakan fara ne tun cikin hunturun da ya gabata. Mataki na farko shi ne neman wuri. A nan kalmar wuri tana da faɗi ƙwarai, domin gidajen wasa na dindindin da ke birnin kaɗan ne. Yawancin wuraren na wucin gadi ne: azuzuwan jami'a, da zaurukan majami'u, da ɗakunan bayan mashaya, da ɗakunan ƙarƙashin gadoji, da tantuna da ake kafawa a filayen shaƙatawa. Akan jera kujeru, a rataya fitilu, a lulluɓe tagogi da baƙin ƙyalle, ɗaki ya zama dandalin wasa har ƙarshen wata. Kowane wuri yana da lambarsa, wadda ake liƙawa a ƙofa don baƙo ya gane shi.

Mataki na biyu shi ne rajista da Ƙungiyar Bikin Gefe, inda ɗan wasa zai biya kuɗi a sa sunan wasansa a cikin kundi. Wannan kundi, wanda akan fitar a farkon bazarar Turai, littafi ne mai kauri, kuma kowane wasa 'yan layuka kaɗan yake samu a ciki, ko na shahararre ne ko na ɗan koyo. An kasa shi kashi-kashi: wasan kwaikwayo, da ban dariya, da kiɗa, da rawa, da wasannin yara, da sauransu. Tun daga 2008 sashen ban dariya ya zarce na wasan kwaikwayo yawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin mai ban dariya shi kaɗai ne da makirfo, ba ya bukatar kayan ado ko ayarin mutane da zai ciyar.

Tsarin lokaci shi ma yana da nasa tasiri a kan irin wasan da ake kawowa. Mai wuri yana so ya sayar da ɗakinsa sau da yawa a rana, saboda haka yakan yanka yini gida-gida tun daga hantsi har tsakar dare. Kowane wasa yakan sami kamar awa ɗaya, sa'an nan 'yan mintoci kaɗan na kwashe kaya kafin na gaba ya shigo. Wannan ne ya sa wasannin Bikin Gefe suka yi kama da juna ta fuskar siga: gajeru ne, 'yan wasa kaɗan ne, kayan dandamali kuwa ba su wuce abin da mutum biyu za su ɗauka da hannu ba. Watau tun kafin a ɗaga labule, agogon mai wuri ya riga ya sa hannu a cikin rubutun marubuci.

4.0 Kwanakin Buɗewa

Wanda ya saba da bukukuwan da hukuma ke shiryawa zai zaci ranar buɗewa akwai jawabin babban baƙo da yanka zare. Bikin Gefe ba haka yake farawa ba. Da yake ba shi da shugaba mai tsara wasanni, ba shi da dandamali guda da kowa zai fuskanta. A bisa kalanda ana buɗe shi ne ranar Juma'a a farkon Agusta, a rufe ranar Litinin a ƙarshen wata; a 2025, alal misali, daga 1 zuwa 25 ga Agusta aka yi shi. Amma ainihin buɗewar ɗaruruwan ƙofofi ne da ke buɗewa a lokuta daban-daban, kowacce da nata fargaba.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a Edinbura wannan karin magana ya faɗa daidai har da ranakunsa. Manyan wurare sukan fara nuna wasanni tun Laraba da Alhamis a kan farashi mai rahusa, a matsayin gwaji. A waɗannan ranaku ne ɗan wasa ke fara sanin ɗakinsa, ya gane inda fitila ke haskawa da inda murya ke ɓacewa, ya kuma ji a karo na farko ko 'yan kallo za su yi dariya a inda ya zata. A daidai wannan lokaci kuma manyan wuraren sukan shirya wa 'yan jarida taron ɗanɗano, inda ake nuna gutsattsarin zaɓaɓɓun wasanni.

Ranar Juma'a kuwa hankali yakan koma kan titin Royal Mile, wanda ya taso daga tsohuwar ganuwar birnin da ke kan dutse ya gangara zuwa fadar Holyrood. Akan rufe wani sashe nasa ga motoci, kusa da majami'ar St Giles. A nan masu wasan titi ke taka igiya da jifa da wuƙaƙe, su zagaya da hula a ƙarshe. A nan ne kuma 'yan wasan da ke da ɗakuna ke tsayawa cikin kayan wasansu, ko ana ruwa ko ana iska, suna miƙa wa masu wucewa takardun talla. Wannan rabon takarda aiki ne na kullum har ƙarshen biki. Ba abin mamaki ba ne mutum ya karɓi takarda daga hannun wata yarinya da azahar, da la'asar ya tarar ita ce tauraruwar wasan, ita ce kuma marubuciyarsa.

A ƙarshen makon farko Ƙungiyar Bikin Gefe takan shirya wani zama inda 'yan wasa ke yin layi a gaban teburan 'yan jarida, kowa ya sami ɗan lokaci ya faɗi abin da wasansa ya ƙunsa, da fatan a zo a gani. Litinin da Talata na farko kuma bisa al'ada ranakun garaɓasa ne, inda wasanni da yawa ke ba da tikiti biyu a kuɗin ɗaya. Manufar duk wannan ita ce a cika kujeru da wuri, domin wanda ya kalla ya ji daɗi shi zai gaya wa wani a layin shayi ko a cikin bas. A taron da wasanni suka haura dubu uku, labarin baka ya fi kowace talla ƙarfi, kuma wasan da bai kama bakin mutane a mako na farko ba da wuya ya kama shi a na uku.

5.0 Masu Gadin da Ba a Naɗa Ba

5.1 Mai wuri

Ƙa'idar buɗaɗɗiyar ƙofa Ƙungiyar Bikin Gefe kaɗai ta ɗaure, ba ta ɗaure masu wurare ba. Daga farkon shekarun 1980 aka fara samun kamfanoni masu kama gine-gine da yawa su mai da su dandali: Assembly a 1981, da Pleasance a 1985, da Gilded Balloon a 1986, sa'an nan Underbelly a 2000. Waɗannan huɗu suna da wuraren da jama'a suka fi taruwa, da ma'aikatan talla, da kunnen 'yan jarida. Su kuwa suna zaɓe, domin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Haka nan gidan Traverse yana tsara nasa jerin wasanni da kansa. Ke nan akwai ƙananan bukukuwa masu tacewa a cikin babban bikin da ba ya tacewa.

Ikon mai wuri bai tsaya ga karɓa ba, har da kora. A 2022 kamfanin Pleasance ya soke dare na biyu na wasan mai ban dariya Jerry Sadowitz bayan koke-koke a kan kalamansa, lamarin da ya jawo doguwar muhawara a kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Abin lura a gare mu shi ne, ƙungiyar da ke riƙe da ƙa'idar ba ita ta yanke hukuncin ba, ba ta kuma da ikon warware shi.

5.2 Kuɗi da masauki

Mai karatu da ya san gidan biki a ƙasar Hausa zai tuna cewa maroƙa da 'yan gambara ba sa jiran gayyata, suna jin labari sai su zo, kuma ta wannan fuska sun yi kama da waɗancan ƙungiyoyi takwas. Bambancin shi ne, maroƙi yakan zo hannu wofi ya koma da kyauta, shi kuwa ɗan wasan Edinbura da guzurinsa yake zuwa, kuma sau da yawa da bashi yake komawa. Yarjejeniyar da aka fi yi da manyan wurare ita ce a raba kuɗin tikiti, galibi kashi 60 ga ɗan wasa, 40 ga mai wuri, amma da sharaɗin cewa akwai wani adadi da mai wuri zai karɓa ko an sayar da tikiti ko ba a sayar ba. Watau asara ta ɗan wasa ce shi kaɗai. A kan wannan sai a ɗora kuɗin rajista, da buga takardun talla, da ladan mai kula da fitila da sauti, da kuɗin mota, da abinci na wata guda.

Abin da ya fi duka nauyi a 'yan shekarun nan shi ne masauki. A da ɗaliban jami'a sukan bar ɗakunansu lokacin hutu, masu gidaje su ba 'yan wasa haya. Dokar haya da aka kawo a Sikotlan a ƙarshen 2017 ta hana mai gida yanke wa ɗan haya wa'adi, sai irin waɗannan ɗakuna suka ragu. Daga watan Oktoba na 2023 kuma aka wajabta lasisi ga masu ba da hayar gida ta 'yan kwanaki. Waɗannan dokoki an yi su ne don kare mazauna birnin, waɗanda su ma suke kuka da tsadar gidaje da cunkoson baƙi, amma sun ƙara wa ɗan wasa nauyi. Ga wanda ya fito daga Afirka ko Asiya kuwa akwai ƙarin kuɗin jirgi da na biza, da faɗuwar darajar kuɗin ƙasarsa a gaban fam. Ko da yake hukumomin Birtaniya sun sa bikin a jerin waɗanda ba a bukatar takardar izinin aiki kafin a yi wasa a cikinsu, wannan bai ɗauke wa mutum neman izinin shiga ƙasar ba. Sakamakon duk wannan shi ne, ƙofar a buɗe take ga kowa, amma wanda iyayensa ke da hali, ko wata hukuma ta ɗauki nauyinsa, shi ya fi iya isa bakinta.

5.3 Masu sharhi da masu ba da lambar yabo

Mai gadi na uku shi ne ɗan jarida. Jaridu da mujallu sukan auna wasa da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Da zarar sharhi mai kyau ya fito, sai ka ga 'yan wasa da almakashi da abin liƙi suna manna taurarin a kan hotunansu da ke bango. A 1973 jaridar The Scotsman ta ƙirƙiro lambar yabo ta Fringe First don sababbin rubuce-rubucen wasan kwaikwayo, wadda ake bayarwa kowane mako na bikin. A 1981 kuma aka fara ba da lambar ban dariya da kamfanin Perrier ya ɗauki nauyinta har zuwa 2005, kuma waɗanda suka fara cin ta ɗaliban Kambirij ne, cikinsu har da Emma Thompson da Stephen Fry da Hugh Laurie. Matsalar ita ce masu sharhi kaɗan ne, wasanni kuwa dubbai, ga shi jaridu sun rage ma'aikatansu tun da intanet ta janye musu talla. Saboda haka wasanni da yawa sukan gama kwanakinsu ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya a kansu, kuma ga ɗan wasa wannan shiru ya fi mummunan sharhi ciwo.

6.0 Abin da Ke Jawo Su

To, idan asara ta fi riba yawa, me ke kawo dubban mutane kowace shekara? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Amsar ita ce, bikin kasuwa ne kafin ya zama wurin nishaɗi. A cikin 'yan kallo akwai ɗaruruwan shugabannin gidajen wasa da wakilan rediyo da talabijin da masu shirya bukukuwa na wasu ƙasashe, waɗanda suka zo sayen wasa. Tarihin bikin kuwa cike yake da labaran waɗanda suka dace. A 1966 ɗaliban Oksfod suka nuna wasan wani matashi mai suna Tom Stoppard a kan wasu ƙananan taurari biyu daga wasan Hamlet na Shakespeare. Sharhi ɗaya mai kyau a jaridar Observer ya sa gidan wasa na ƙasa da ke Landan ya ɗauke shi a 1967. A 2012 wasan Mies Julie na Yaël Farber daga Afirka ta Kudu ya yi fice, daga nan ya zagaya ƙasashe. A 2013 Phoebe Waller-Bridge ta nuna Fleabag ita kaɗai a kan kujera, a 2016 ya zama shirin talabijin na BBC. A 2017 ɗaliban Kambirij suka kawo Six, wasan waƙa a kan matan Sarki Henry na Takwas su shida, wanda ya kai manyan gidajen wasa na Landan da na New York.

Waɗannan labarai gaskiya ne, amma ya kamata mu karanta su da hankali. Ana tuna su ne saboda ƙarancinsu. Ban da haka, da yawa daga cikin waɗanda suka dace sun fito ne daga manyan jami'o'i ko gidajen wasa masu ƙarfi, abin da ke ƙara tabbatar da batunmu. Duk da haka akwai wata riba da ba a lissafa ta da fam: wanda ya yi wasa ɗaya fiye da sau ashirin a jere, gaban baƙin da ba su san shi ba, ya sami horon da makaranta ba za ta ba shi ba.

7.0 Yunƙurin Gyara

Mutanen bikin ba su rufe ido ga waɗannan matsaloli ba. A 1996 wani mai ban dariya, Peter Buckley Hill, ya fara tsarin da ake kira Free Fringe, inda mai mashaya ke ba da ɗaki kyauta don ya sami masu sayen abin sha, ɗan wasa ba ya biyan haya, ɗan kallo ba ya sayen tikiti, sai dai a ƙarshe ya jefa abin da ya sawwaƙa a cikin bokiti. Za mu iya cewa wannan geza ce ta tsiro a jikin geza, kuma dalilin da ya haife ta shi ne dalilin da ya haifi uwarta a 1947. Bayan annobar korona ta hana yin bikin a 2020, abin da bai taɓa faruwa ba tun kafuwarsa, sai Ƙungiyar Bikin Gefe ta buɗe wani asusu a 2023 don tallafa wa 'yan wasa marasa ƙarfi. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa, domin duk asusun da masu nema suka fi kuɗinsa yawa tilas ne ya zaɓa, ƙungiyar da aka kafa don kada ta yi zaɓe ta sami kanta tana yi.

Wasu biranen da suka ɗauki wannan tsari sun bi wata hanyar. Akwai bukukuwan gefe a Adelaide ta Ostireliya tun 1960, da Abinyon ta Faransa tun 1966, da kuma wanda ke tafiya tare da bikin fasaha na Makhanda a Afirka ta Kudu. A Kanada kuwa, inda birnin Edmonton ya fara a 1982, akan rarraba ɗakuna ta hanyar ƙuri'a ko bisa wanda ya riga zuwa, kuma kuɗin tikiti na ɗan wasa ne. Wannan ya rage ikon mai wuri, amma ya taƙaita yawan masu shiga.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga yadda Bikin Gefe na Edinbura ya samo asali daga ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba, da yadda magadansu suka mai da rashin gayyata ya zama doka. Mun kuma bi kwanakin buɗe bikin daga gwajin Laraba zuwa garaɓasar Talata, muka ga cewa a cikin wannan mako ne ake yanke wa yawancin wasanni hukunci. A ganinmu ƙa'idar buɗaɗɗiyar ƙofa ta cika alkawarin da ta ɗauka, domin har yau ba a hana kowa shiga kundin bikin saboda ra'ayinsa ko rashin sunansa. Abin da ba ta yi alkawari ba, ba ta kuma iya ba, shi ne daidaita guzurin matafiya. Saboda haka duk mai nazarin wannan biki, ko mai tunanin kafa irinsa a wani gari, bai kamata ya tsaya ga tambayar wa aka bari ya shiga ba. Sai ya ƙara da tambayar wa ke da ɗakin, wa zai ɗauki asara idan kujeru suka kwana wofi, kuma ina ɗan wasa zai kwana har tsawon kwana 25.